Kawu Malamin Gona da Takardar da Na Danne

Na Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu. Ya cika ranar wata Talata da hantsi a Argungu, aka kai shi Gulma, aka binne shi kafin la'asar. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare bayan rasuwar mahaifina. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don akwai maganar da na faɗa masa wadda ban samu damar janyewa ba.

Lokacin dashen shinkafar rani ne, saboda haka yawancin waɗanda suka cika ƙofar gidan daga fadama suka fito, da laka har ƙwauri, wasu ko hula ba su tsaya ɗauka ba. Ba su da dogon bayani. Mutum zai durƙusa ya ce, "Allah shi jiƙan Malam," ya tashi ya ba wani wuri. Wani tsoho masunci da ban taɓa gani ba ya zauna a gefen tabarma yana ta share hawaye da bakin rigarsa. Da aka tambaye shi dangantakarsu, ya ce babu, Malam dai ya taɓa zaginsa har ya fasa rabuwa da gonar ubansa.

Sai kuma mu masu motoci, da muka zo daga Birnin Kebbi muka tare wa jama'a hanya. A cikinmu akwai wani tsohon babban sakatare da ya yi aiki da Kawu tun suna samari. Da aka shafa addu'a ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Mutum mai ƙwaƙwalwa. Da ya samu babbar makaranta, da ba nan yat tsaya ba, da ya yi nisa."

Wani manomi da ke kusa da shi, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Da ya yi nisa, Alhaji, wa ka tsaya muna?"

Wasu suka ƙunshe dariya, duk da gidan makoki ne. Ni ban yi dariya ba. Abin da babban sakatare ya faɗa da ladabi, ni na faɗa wa Kawu shi ido da ido ba ladabi, makonni shida kafin wannan rana.

Kawu malamin gona ne. Makarantar da ya yi ta koyon aikin gona ce ta shekara biyu, azuzuwa uku da rijiya da garken shanu, yau ko ginin babu. Da takardar nan ya yi aiki har ya yi ritaya, a kan wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi. Daga Gulma har ƙauyukan da ke bayan gulbi, babu fadamar da ba ta san sawunsa ba. Ba ya shiga gonar mutum da takalmi, sai ya tuɓe a kan kunya kamar zai shiga ɗakin surukai. Idan manomi ya yi kukan shuka ta ƙi, Kawu zai ɗebi ƙasar ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce akwai kanwa, a wanke ta da ruwa sau kaza kafin a sake dashe. Inna, wato mahaifiyata, takan ce yayanta ya ci ƙasa fiye da yadda ya ci tuwo.

Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: Kawu yana da taurin kai da kaifin harshe, kuma yabo a bakinsa ya fi ruwa a rani wuya. Ranar da na zo na ɗaya a aji na kai masa sakamako ina tsalle, ya duba ya ce, "To, sauran dut ba su da lahiya na?" Amma kowace shekara yakan yi kwami biyu, wato wuraren renon dashe, na irin albasa fiye da bukatarsa, yana ba su ruwa kamar sauran. Ya san dole a samu wanda irinsa zai mutu, ko matar da mijinta ya rasu ana tsakiyar aiki. Idan mutum ya zo yana kame-kame, Kawu ba ya bari ya kai ga roƙo. Sai ya daka masa tsawa: "Rago! Ɗebi ka ɓace min da gani." Mutum ya tafi da irinsa da mutuncinsa, don an zage shi ne, ba a yi masa sadaka ba.

Kada wani ya ɗauka Kawu maƙiyin babbar makaranta ne. Ranar da na samu shiga ɗaya daga cikin manyan jami'o'in ƙasar nan, shi ya ɗauki akwatina a ka har tasha, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi, har da waɗanda ba su tambaya ba. Na gama, na dawo, na kama aiki, kuma cikin 'yan shekaru aka tura ni Argungu a matsayin shugaban ofishin da Kawu yake. Idan na shigo da safe sai ya miƙe tsaye ya ce, "Barka da zuwa, Yallaɓai." Idan mun koma gida da yamma sai ya miƙo mini buta ya ce, "Kai, ɗebo min ruwan alwala." Bai taɓa haɗa biyun ba, ni ne nake rikicewa.

Taron manoma na farko da na jagoranta ba zan manta da shi ba. Na tsaya a gindin wata tsamiya da allo da alli, ina bayanin tazarar dashen shinkafa da santimita, ina jefa Turanci don a san an je jami'a. Mutane suna ta gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da ake wa mahaukaci don a rabu lafiya. Da na gama Kawu ya nemi izini, ya tsuguna, ya buɗe tafinsa a ƙasa ya ce, "Abin da Yallaɓai ka nuhi, taƙi guda tsakanin wanga da wanga." Nan take wuri ya ɗauki "Ashe!" A hanyar komawa ina bayansa a kan babur, ina cika ina batsewa. Ya ce mini, "Iliminka gaskiya na, ni ban san rabinai ba. Amma sunan makaranta jirgi na. Shi ƙetare da kai gulbi, ba shi yi maka noma can ƙetare."

Shi jirgin bai samu ba, kuma abin ya ci masa rai. Yara da yawa da ya koya wa bambanta shinkafa da ciyawar da ke kama da ita sun zo sun wuce shi, ni ma na wuce. Ranar da ya ajiye aiki muna zaune a zaure ya ce, "Kada ka ji ana hwaɗin ban damu ba. Na damu. Na so in yi jami'a." Sau ɗaya ya faɗa, bai sake ba. Ni kuwa na riƙe wannan magana, na mayar da ita makami, kuma a kansa na zo na sauke ta.

Ga yadda abin ya faru.

Ina da 'yar fari. A wajenmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne, na manya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye ta, gidan Kawu aka kai ta, can ta tashi har ta gama firamare, tana bin sa fadama tana riƙe masa takalma. Shi yana ce mata uwargida, ita tana ce masa tsoho mai cin ƙasa. Da ta dawo gidana a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi don sakandare, muka zauna gida ɗaya kamar baƙi masu mutunta juna. Ta gaishe ni da safe, in amsa ina kallon wani wuri. Idan zan ambace ta sai in ce "yarinyar nan" ko "ta gidan Kawu". Duk abin da take so daga gare ni, Kawu take gaya wa, shi ya kawo mini. Duk abin da na yanke a kanta, shi nake gaya wa, ya kai mata. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa ganin aibinsa ba, don Kawu yana nan.

Da ta gama sakandare na yanke cewa jami'ar da na yi ita za ta yi, ba wata ba. Ta zauna jarabawar shiga jami'a, ta ci, amma makin bai kai abin da suke nema ba. Na ce ta sake. Ta sake, haka. Na ce ta sake. Shekara uku yarinya tana zaune a gida tana wanke-wanke da bitar tsofaffin tambayoyi, ƙawayenta na unguwar Badariya wasu har sun fara zancen kammalawa. Ina ganin tana ramewa, ina ganin ta daina dariya da ƙannenta, amma kunya ta ba ni wurin ɓuya. Ai ba a kula ɗan fari.

A shekara ta uku wata ƙaramar kwaleji a nan jiharmu ta ba ta gurbin karatun aikin ban-ruwa. Ashe Kawu ne ya sa ta rubuta sunan kwalejin a zaɓi na biyu. Ta buga takardar, ta kai masa Gulma, shi kuma ya shiga mota ya kawo mini ranar wata Juma'a. Bayan mun sauko daga masallaci muka zauna a falo, an ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi, abincin da ya fi so. Ya ciro takardar daga aljihu ya ɗora a kan gwiwata.

Na karanta na ninke. Na ce, "Kawu, wagga ba makaranta ba ta. A bari ta sake gwadawa."

Ya ce, "Sau nawa?"

Na ce, "Har ta samu."

"Darakta," ya ce, don haka yake kirana idan zai yi mini tsiya, "wa ka karatun nan? Ita ko kai?"

Ina da hujjata, kuma har yau ban ce ƙarya ba ce. Na zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata ba sau ɗaya ba. Na ga yadda ake ware takardu: a duba sunan makaranta kafin a duba sunan mutum, na manyan jami'o'i a sama, na ƙananan kwalejoji a ƙasa, wani lokaci a tashi ba a kai kansu ba. Ni kaina na yi haka. Duk na zayyana wa Kawu wannan. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Awo, na san da haka, a kaina anka yi shi. Amma wanda ag ga ƙasan tulin takardu ya hi wanda babu shi cikin tulin. Ɗiyag ga tana son aikin, hannunta ya san ƙasa. Shekara ukku kana jiƙa iri ba ka shuka ba. Ruɓewa za shi yi."

Raina ya ɓaci. Ba don ya yi kuskure ba, sai don a ofis ana tambayata inda 'yata take karatu, kuma na riga na saba cewa "tana shirin shiga jami'armu". Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Kawu, ba ni son ta ƙare inda kaƙ ƙare."

Ya dube ni, ba da fushi ba, da wani irin kallo kamar yana auna gonar da ya daɗe yana zaton mai kyau ce. Ya ce, "Ina niƙ ƙare?" Ban amsa ba. Ya jawo takalmansa ya sa, ya miƙe. Mai ɗakina ta biyo shi har ƙofa tana roƙo ya ci abinci, ya ce mata, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, na ƙoshi." Ya taka da ƙafa har bakin titi, bai yarda na kai shi tasha ba.

Na jefa takardar a aljihun mota na rufe. Yarinya ba ta tambaya ba, don ba ta da bakin tambayata. Ni ban ce komai ba, don ba ni da bakin gaya mata. Kullum ina cewa ranar Asabar zan je Gulma in ba da haƙuri, Asabar ta zo in ce ta gaba. Girman kai ba ya ce maka "kada ka je", sai dai ya ce "ba yau ba". A cikin makonnin nan Kawu ya aiko mana da buhun shinkafa kamar yadda ya saba, amma direban da ya kawo ya ce ba a ba shi saƙo ba.

Ciwon kwana biyu ya yi. Ina cikin taro aka kira ni, na ce in an tashi zan taho. Kafin in isa Argungu an rufe masa fuska.

Ranar addu'ar uku, da jama'a suka ragu bayan azahar, Inna ta aika a kira ni ɗakinta. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma harshen gidansu ɗaya ne da na yayanta. Ba ta yi mini zancen faɗanmu ba, ko da yake na san ta sani. Ta ce, "Wanda ka kai maka saƙo ga ɗiyakka ya tahi. Yanzu wa za ka aika?"

Na ce, "Sai ke, Inna."

Ta ce, "Ni ba ni zuwa. Ni ma tahiya ta gabana. In na tahi ka aiki wa? Ɗiyakka ta ce min ranar Alhamis mai zuwa a ka ruhe rajista."

Na fito na tsaya a tsakar gida. Mata sun cika wurin, wasu na kwashe tuwon sadaka, wasu na wanke tukwane a bakin rijiya. Tana cikinsu, ta naɗe hannun riga tana dirje wata babbar tukunya da toka. Shekararta ashirin da ɗaya, kuma ban taɓa kiran sunanta ba, ko sau ɗaya, ko a ɓoye. Na buɗe baki na kira ta da sunanta.

Ba ta waiwayo ba. Ba ta san sunanta a muryata ba. Sai da na sake, sannan ta ɗago tana duba bayanta ko wani ne. Matan suka yi cirko-cirko, wata gwaggo ta rufe baki ta ce, "La'ilaha! Yau mun ga abin da ya hi mutuwa." Na ji kunya har cikin ƙashina, amma na riga na tsoma ƙafa. Na ce ta same ni a zaure.

Ta zo ta durƙusa nesa, hannunta duk toka. Na je mota na ɗauko takardar, ta yi laushi saboda zafi, na ajiye a tsakaninmu. Na ce, "Ga takardarki. Ni nid danne ta. Mi kika so?"

Da ta fara magana, idonta na kan tabarma. "Baba, shekarar hwarko ni ma ina son jami'akka. Ta biyu don kai niy yi. Ta ukku ban san don wa ba." Ta share ido da bayan hannu, toka ta shafe mata kunci. "Ina son wagga. Kaka ya bincika min, in na yi ƙoƙari ina iya wucewa jami'a daga baya. In ban wuce ba, aikin dai ina son shi."

Na ce, "To, shi ke nan, ki tahi."

Na zaci za ta yi godiya ta tashi. Sai ta ɗago ta dube ni, karo na farko ido cikin ido, na ga taurin kan Gulma tsaf a fuskarta. Ta ce, "Baba, kada ka bar ni don ya rasu. In don makoki na, bayan arba'in za ka dawo kana jin kunyata. Ka bar ni in ka yarda."

Da na so, da na yi mata ƙarya mai daɗi. Amma a zauren Kawu muke, inda ba a taɓa yabon abin da bai kai ba. Na ce, "Ban gama yarda ba. Ina tsoro. Na san yadda a ka ware takardu, kuma za a sa taki ƙasa, za ki sha wuyar da ni ban sha ba. Amma tsoron nawa na, ba naki ba, kuma ba ni ƙara sa ki biya shi. Duk wanda yat tambaye ni inda kike karatu, zan hwaɗa mishi da ƙarhi."

Ta sa hannu biyu ta ɗauki takardar, ta riƙe ta da gefen yatsu don kada toka ta ɓata ta.

Ranar Laraba na kai ta da kaina. Kwalejin ƙarama ce kamar yadda na zata: fentin ya koɗe, akuya na kiwo a filin ƙwallo, layin rajista ya fito har rana. Ban ga abin da ya kwantar mini da hankali ba, ba zan ce na gani ba. Na tsaya a layin tare da ita har muka kai gaba. Ma'aikacin ya miƙo fom ya nuna inda uba zai sa hannu, na sa. Ta karɓi fayil ɗinta ta nufi wajen ɗaukar hoto da sauri, kamar mai tsoron kada in canza ra'ayi, kuma ban ga laifinta ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da gonakin mutane. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya kuma zama shaida: maganar da na faɗa masa a falona na janye ta. Ya tambaye ni inda ya ƙare ban amsa ba, amsar kuwa na gan ta a ƙofar gidansa da laka har ƙwauri.

Mutum biyu na zalunta a kan sunan makaranta. Ɗaya yana kwance a Gulma, ba ya jin ban-haƙurina. Ɗayar na ci mata shekara uku, kuma ba ni da inda zan samo su in mayar mata. Ta huɗu kam, in Allah Ya yarda, ba da hannuna ba.